Taliyar da Baba ya nemi ƙari

"Ke! Maganin zazzaɓi kika zuba cikin taliya?" Inna ta dafe ƙirji a bakin madafa.

Girkin a waya na gani jiya, taliyar Italiya da miyar mutanen Tailan. Na tatsi madarar kwakwa, na soya kifi ƙarfasa da na sayo a kasuwar Yelwa, na sa attaruhu da ɗan sukari. Sai na tsinko ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ke bayan ɗakin Inna, wadda take dafa wa mara lafiya.

Ita ce fa Baba ya rantse ba zai ƙara sha ba. Tunda ya tashi daga jinya, loma biyu yake yi ya ture kwano, har ya rame.

Na ajiye masa taliyar. Jama'a, Baba ya suɗe kwano tas!

"Ɗiyata, akwai saura? Mi kika sa haka mai ƙamshi?"

Na buɗe baki, Inna ta taka min ƙafa. "Kayan Turawa ne, Malam. Ci abinka."

Murna har da rawata! Ku faɗa min me zan ƙara gobe, amma don Allah kada wanda ya karanta wa Baba wannan.