Ɗan Akushin Kawu Labo

Duk wanda ya taɓa zama cin abinci da Kawu Labo a Gidan Rumji ya san ɗan akushin nan. Baƙi ne, bakinsa ya ɗan ɓantare, bai fi cikin tafi biyu ba. A aljihun babbar riga yake yawo da shi, gidan suna, gidan biki, har gidan gaisuwa. Ana ajiye tire, mutane na naɗe hannun riga, sai ka ga Kawu ya zaro akushi ya hure shi, ya cika rabi da zogale ko wake, ya gutsuri tuwo ya ɗora a gefe, ya ja da baya. In mai gida ya ce, "Haba Alhaji, ƙara mana," amsar ɗaya ce: "Abin da ya shiga akushi shi ne nawa, saura rabon wani ne." Mu danginsa dai mun sha kunya.

Yaran yanzu ba su riski Kawu na da ba. Ƙanen mahaifiyata ne, hatsi yake saye da sayarwa, kuma da kasuwa ta buɗe masa sai jiki ma ya buɗe. Wuya ya haɗe da ƙirji, in ya hau moto, wato babur, sai ka tausaya wa tayar baya. Mutane kuwa sai yabo suke: "Alhaji, hutu ya karɓe ka!" Shi kaɗai ya san abin da ke cin ransa. Gwiwoyi sun ƙi, tumbi ya tokare, har ta kai ba ya iya sujada. A kan kujerar roba yake salla, can ƙarshen sahu. Wata rana bayan La'asar ya ce da ni, "Sani, tsohon da ya haife ni shina kai goshi ƙasa, ni ina zaune kamar wanda ya zo buron gwamnati jiran takarda. Ban son in mutu bisa kujerar ga." Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba.

To, Kawu mutum ne mai gaggawa. Ya fara da wani gari da ya saya wajen masu lasifika ranar kasuwa, wai kafin mako ya zagayo tumbi ya narke. Ranar bai auna tiya ko ɗaya ba, hanyar bayan gida kawai ya yi ta sintiri. Daga nan ya rantse ya bar abinci sai ruwa, wai ya shiga rijim na rage ƙiba. Ba a je ko'ina ba matarsa Inna Rabi ta iske shi tsaye a bakin tukunya yana fama da ƙafar rago.

"Alhaji, ina rijim ɗin?"

"Ya tahi hutu," in ji shi, baki cike.

Sai da na ja shi asibiti. Likita ya auna shi, ya ce tansiyo ta hau, wato hawan jini, sukari ma yana bakin ƙofa. Ya ce kada ya bar cin abinci, ya rage dai. Ganye da wake su yi yawa, mai da zaƙi su yi kaɗan, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya samu barci.

"Har yaushe?" in ji Kawu.

"Har iyakar rai, Alhaji."

Kawu ya gyara hula. "Likita, ashe ba magani za ka ba ni ba, aure za ka ɗaura mini."

Ya kuwa riƙe auren. Da muka koma gida ya ɗauko akushin da kakarmu take ba yara abinci a ciki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna hatsin mutane, ranar ya fara auna nasa.

Moto ya koma cikin zaure yana shan ƙura. Kullum da safe Kawu zai kama hanyar gonarsa ta wajen Gidan Sori, ya taka iya ƙarfinsa ya juyo. Gari ya ɗauka: Alhaji Labo ya karye. Wani ɗan kabu-kabu ya taka burki kusa da shi cikin tausayi ya ce, "Alhaji, hau, don Allah na ɗauke ka." Kawu ya dube shi yana haki ya ce, "Tahi abinka. Kai kana ƙona esans a tanki, ni ina ƙona kitse. Naka saye kake, nawa a gida na tara shi." A fada kuwa, wurin zaman hirarsu, da zarar mai shayi ya ɗauko sukari sai Kawu ya miƙa kofi: "Zuba mini kahin ka ɓata shi."

Labari ya kai Gazawa, inda mahaifiyata take, cewa ƙanenta ya tsotse. Washegari sai ga ta ta sauko daga mota da kwalbar man shanu da ƙwaryar fura, ko ruwa ba ta sha ba ta tare Inna Rabi.

"Rabi, mi kika yi wa ɗan'uwana? Na bar shi cike da riga, na iske riga na yawo da shi!"

"Wallahi Yaya, ni girki nake, shi ke aunawa."

"Labo, in sammu ne ka hwaɗa mini!"

"Awo, Yaya, sammu ne," in ji Kawu. "Tsire da fanke sunka yi mini shi, yanzu nake karya shi."

Bai ƙi furarta ba, don Kawu bai haramta wa kansa komai ba. Akushi ya miƙa. Ta cika, ya shanye, ya kife. Ta yi kwana uku tana cika ɗan akushin nan tana zaginsa, shi da mai shi.

Ba a wata ɗaya abin ya faru ba, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yakan zame kuma. Wata Babbar Salla ya ci nama har ya kasa tashi, na ce, "Kawu, aure ya mutu ke nan?" Ya ce, "Ɓatawa munka yi, gobe mu shirya." Da gari ya waye ga shi a hanyar gona. Da rigunan suka yi masa yawa, Inna Rabi ta ce a ajiye ko za a sake bukata. Ya ce in an ajiye su jiransa za su yi. Ya kira tela aka rage su duka, kuma da yake Kawu ba ya zubar da ko zare, ƙyallen da ya ragu aka ɗinka wa jikoki. Ranar Salla ya jera su a ƙofar gida, kowa da shadda iri ɗaya, yana nuna wa masu wucewa: "Duk waɗanga daga tumbina sunka hito!"

Ranar da ba na mantawa, Azahar ce, ba wata rana ta musamman ba. An tayar da salla, na ga Kawu ya sa ƙafa ya ture kujerar gefe, ya shigo sahu kusa da ni. Muka yi ruku'u, muka tafi sujada, na ji gwiwoyinsa sun yi ƙara, amma ya kai. Bayan sallama ya sake komawa sujada shi kaɗai, ya daɗe har na tsorata, na taɓa kafaɗarsa.

"Kawu, lafiya?"

"Ƙyale ni, Sani," in ji shi daga ƙasa. "Mun daɗe ba mu gaisa ba."

Ya ɗago da yashi a goshi, hawaye na bin gemu. Yashin nan bai share shi ba, da shi ya ratsa kasuwa har gida.

Ya yi shekaru masu yawa bayan haka, kuma kujerar ba ta sake ganinsa ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya tafi da shi, kuma ko a safiyar ranar, Inna Rabi ta ce a ƙasa ya yi sallarsa. Akushin ni ta miƙo wa, tana duban tumbina. Ina kewarsa ƙwarai.

Allah Ka jiƙan Kawu Labo, Ka yafe masa kurakuransa. Goshin nan da ya sha wahala kafin ya kai Maka shi ƙasa, Allah Ka haskaka shi ranar tsayuwa. Amin.