Tagar Motar Fa'izu a Soron Ilu

Duk wanda ya shiga layin dukawa a Kasuwar Kurmi ya tambayi Malam Ilu na Kabara, za a nuna masa rumfar da ke jikin tawa. Ni kuwa Hammadu, in kana nemana, sai dai ka ce maƙwabcin Ilu. Haka abin yake tun muna yara, kuma har yau ban saba ba.

Ilu maraya ne da aka kawo wa mahaifina daga wani ƙauye ta wajen Gezawa don ya koyi dukanci. Ya zo da riga ɗaya, ko gaisuwar birni bai iya ba. Ni na nuna masa yadda ake riƙe basilla, ni na nuna masa yadda ake goga wa zare kaki. Amma kafin a je ko'ina, in Baba ya ɗaga kube ya duba, sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan hannun Ilu ne." In nawa ne, sai ya ajiye ya ce a kawo masa ruwan alwala. Ilu ya girma, ya yi aure a Kabara, ya gina soro, ya sauke farali da kuɗin jaka da takalmi. Da ya dawo ya hana a ce masa Alhaji, wai shi bai kai ba. Ka ji fa, har tawali'un ma sai ya fi kowa.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar Fa'izu, ɗana na fari, wanda ke aikin kwamfuta a Abuja. Ni a duniya ba na neman komai illa yaron nan ya ɗauka ubansa gwani ne. Kowa ya ce Ilu, ban damu ba, amma a bar mini ɗana.

Bana ya zo hutu da wata tsohuwar mota ja 'yar Kwatano, mai ƙofa biyu, rufinta na tamfol, ana naɗe shi baya a zauna a sarari kamar a amalanke. Tagar bayanta ba gilashi ba ce, roba ce mai haske, rana ta dafa ta har ta koma kalar shayi, ta tsage daga sama har ƙasa. Ga damina ta kawo kai. Motar ba ta shiga lungunmu na Mandawari, sai ya ajiye ta a bakin titi, ya zuge zif ya ciro tagar da tamfol ɗin da ke kewaye da ita, ya sayo sabuwar roba. Ya rungumo kayan ya wuce ta ƙofar gidan da aka haife shi, ya nufi Kabara.

Uwarsa Uwani ce ta gaya mini, tana zuba mini tuwon rana. Wallahi tuwon nan bai shiga ba.

Na sa hula na tafi. Na tarar da Ilu shi kaɗai a soro, ya baje tamfol a kan tabarma, ya farke tsohuwar robar, ya ɗora ta a kan sabuwar ya zana ya yanke daidai. Har ya shafa gam a baki-baki ya danne da duwatsun niƙa. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"Yaya Hammadu, Allah ne ya kawo ka. Ɗauki gefen dama, ni in yi hagu."

Na zauna. Na leƙa abin da ya fara, sai na ji sanyi a raina. Ɗinki ne wara-wara, tsakanin huji da huji sai ka sa yatsa, irin wanda in Baba ya gani yake tsinkawa ya jefa maka a fuska. Na ce a zuci, ashe tsufa ya kama gwani. A gidanmu, baduku na gaske shi ne wanda ɗinkinsa ke jere kamar tururuwa, ko tsinke ba ya shiga tsakani. Na goga kaki na fara, na matse shi yadda ban taɓa matsewa ba.

Ilu ya ɗago ya ce, "Yaya, a ɗan buɗa. Fata in ka huda ta tana kama zare. Roba kuwa in huji ya yi kusa da huji, sai su haɗe."

Na ce, "Ilu, ni za ka koya wa ɗinki? Wa ya sa maka basilla a hannu?"

Ya ce, "Kai ne," ya mai da kai ƙasa. Wannan haƙurin nasa ma haushi yake ba ni.

Da la'asar muka kai aikin bakin titi. Fa'izu ya gan ni ɗauke da gefe ɗaya, ya yi turus, ya ce, "Baba, ai ban so ka wahala ba ne." Na wuce shi na nufi motar. Aka mayar da zif, taga ta zauna tas, kana hango har masallacin da ke baya. Masu shago suka taso suna kallo. Ni dai na tsaya ta dama, ina jira Fa'izu ya duba aikin ubansa.

Ya ce bari ya gwada. Ya naɗe rufin baya, ya sake ɗago shi, ya ja ƙarfen gaba ya ɗana. Tamfol ya miƙe ya yi tsantsan. Sai muka ji ƙyarrr. Gefen dama ya yage a kan layin ɗinki tun daga sama har ƙasa, kamar an tsaga takarda. Na hagu ko gezau.

Kafin in buɗe baki Ilu ya riga ni. "Laifina ne, Fa'izu, ni na matse wannan gefen. Akwai ragowar roba, gobe in sha Allahu ka zo ka ɗauka."

Da ma ya yi mini dariya a gaban mutane, da na san abin da zan ce masa. Amma ya tsaya ya rufa mini asiri a gaban ɗana, kamar ni ne maraya.

Fa'izu ya sunkuya ya bi ɗinkin da yatsa a hankali. Ya san hannuna, da takalmin da na ɗinka ya yi makaranta. Bai kalle ni ba. Ya zuge zif ɗin, ya naɗe tagar, ya miƙa wa Ilu da hannu biyu.

"To Baba Ilu, a gyara. Amma don Allah wannan karon kai kaɗai."