Kwaɗon da Na Sa wa Famfo

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa ita ce shekarar da Allah ya kai ni Makka. Na dawo Bauchi da haƙorin Makka, da jarkar zamzam, da wata niyya mai zafi: daga yau ni da duniya sai gaisuwa. Shekara talatin da biyar ina fama da 'ya'yan mutane a aji, yanzu kuma lokacin gyara lahirata ya zo. Na tsara abina kamar jadawalin darasi. Bayan sallar asuba azkar, bayan azkar izu guda, sai salati har rana ta ɗaga in yi walaha. Maigidana ya dubi takardar da na manna a bango ya ce, "Hajiya, ban ga karin kumallo a ciki ba." Na ce masa ya ji tsoron Allah.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne famfo. Lokacin da muka gina gidanmu a Inkil mun haƙa rijiyar burtsatse, maigidan ya sa aka fitar da famfo ɗaya waje a jikin katanga saboda maƙwabta. Wannan katangar kuwa ita ce bayan tagar ɗakina. Da, ina shirin makaranta, ban taɓa kula ba. Yanzu da na zauna kan darduma na ce zan fuskanci Ubangijina, sai na gane ashe kasuwa ce guda ke ci a bayan kaina kowace asuba.

Kai, mata! Bokiti ya bugi bokiti, wannan ta ce ita ta riga zuwa, waccan ta ce jarkarta ce ta kwana a layi. Ina tsakiyar aya sai in ji wata na ba da labarin kuɗin zoben 'yar wance, kuma wallahi kunnena ba ya neman izinina, tafiya yake. Rannan na kai ƙarshen shafi ban san abin da na karanta ba, amma na san wanda ya saki matarsa a layin baya. Raina ya ɓaci sosai. Na ce wannan aikin shaiɗan ne, ya biyo ni har gida da bokiti.

Washegari na sayo kwaɗo, na sa mai walda ya yi wa famfon ɗan akwati. Na tara matan na yi musu jawabi irin na taron iyayen yara. Ban hana kowa ruwa ba, Allah ya kiyaye, amma daga yau sai ƙarfe takwas za a buɗe. Maigidan ya ce, "Hajiya, anya kuwa?" Na ce shi dai yana masallaci a lokacin, bai san abin da nake sha ba.

Cikin matan akwai wadda muke kira Maman Biyu, saboda tagwayenta. Kirista ce daga kudancin jiha, mijinta ya rasu, tana haya a ɗaki ɗaya bayan gidanmu. Ƙosai take toyawa a bakin ƙofar wata firamare da ke kan titi. Ita ce kullum ta farko a famfo, don sai ta wanke wake ta kai markaɗe ta hura wuta kafin 'yan makaranta su fara wucewa. Na san duk wannan sarai. Ranar jawabin ita kaɗai ce ba ta tura baki ba. Ta ɗan rusuna ta ce, "To Hajiya, Allah ya karɓa. Ka sa mu a addu'a." Haka take magana, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta.

Asubar farko, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Na ce alhamdu lillahi, yau za a yi ibada. Na jingina da gado na buɗe Alƙur'ani. Abin da na sani bayan haka shi ne maigidan tsaye a kaina yana gyaran murya, rana ta shigo har tsakar ɗaki, carbi a ƙasa. Ya ce, "Sannu da ibada." Ashe hayaniyar nan da nake tsine wa ita ce ke riƙe mini ido. Na ce masa ba barci nake ba, tunani nake. Na koma shan shayi mai citta kafin in zauna, wata rana in ci nasara, wata rana barci ya ci. Amma kwaɗo dai na nan, don ni ba na saka doka in janye.

Mako biyu aka yi haka. Wata safiya zan je gaisuwar rasuwa a Miri, na fito wajen ƙarfe bakwai ina neman mai Keke Napep. Sai ga Maman Biyu ta ɓullo daga hanyar gonaki, jarka a ka, zane jiƙe har gwiwa, ƙafafu duk taɓo. Na ce, "Maman Biyu, daga ina haka?" Ta ce daga wata rijiya can wajen masu lambu. Tafiyar ba kaɗan ba ce, na san wurin.

Na ce, "To ƙosan fa? Yara ai sun kusa shiga aji."

Ta yi dariya, jarkar na rawa a kanta. Ta ce ai kwana biyu ba ta kai wa ga yaran, kafin ta hura wuta an kaɗa ƙararrawa. Da mai gadin makarantar ya ga wurin zaune babu kowa da safe, sai ya ba wata mai awara.

Na ce, "Haba baiwar Allah, me ya hana ki ƙwanƙwasa mini ƙofa?"

Ta ce, "A'a Hajiya, ina ni ina tashinka daga salla? Ni ce ma na hana sauran matan zuwa su yi surutu. Na ce musu ku bar Hajiya, ya dawo daga Makka, addu'a yake yi mana duka."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Addu'a nake yi kam, ba ƙarya. Ina roƙa wa gwiwata sauƙi, ina roƙa wa autana aikin gwamnati, ina roƙon Allah ya maimaita mini Makka. Na laluba cikin mako biyun nan kaf, ban sami wurin da na ambaci matar nan ko sau ɗaya ba. Rabin lokacin ma barci nake, ita tana can cikin taɓo tana tsare mini shiru.

Ban je Miri ba ranar. Na koma gida na ɗauko mabuɗi, na sa a kwaɗon ya ƙi shiga, sai da maigidan ya karɓa ya buɗe. Tun daga nan, in na idar da sallar asuba sai in ja hijabi in fita da kujera, in zauna bakin famfo ina tsara layi. Aikina ne dama, shekara talatin da biyar na yi ina jera yara. Faɗa ya ragu, gulma dai ba ta ragu ba. Izuna ya koma bayan azahar, salati kuwa ina yi ina tura bokitin wata gaba.

Na je wurin mai gadin har sau biyu, na yi masa muryar malamai, na dawo na yi masa ta roƙo. Ya ce mai awara ma marayu take riƙo, ya zai yi ya tashe ta? Na nemi gafarar Maman Biyu, ta ce, "Me ka yi mini, Hajiya? Ruwanka ne." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu a ƙofar gidana take tuya, inda masu wucewa ba su kai rabin na titi ba. Abin da ya rage ta zuba a roba ta bi gida-gida da shi har hantsi. Wurin nan na bakin makaranta ba ta sake samunsa ba.