Kunun Titin Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa tsallaka titi tare da Kawu Sale ya san ba ya taka farin layi. Ko mota na tafe, sai ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa, ya tsallake shi kamar mai tsallake kwata. Ranar da na raka shi kasuwar Rano na taka, a tsakiyar titin ya tsare ni, masu babur sai zaginmu suke.

"Ke Binta! Kin san wahalar da aka sha kafin a dafa wannan?"

"Dafawa kuma, Kawu? Fenti ne fa."

"Fenti na bango ne. Wannan kunu ne."

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma ƙarfinsa duka a aikin zana layin titi ya ƙare. Shi ya bayyana mini cewa abin gari ne fari a buhu. Ana zuba shi a tukunyar ƙarfe, a hura wuta har ya narke ya yi kauri, a shimfiɗa shi a kan kwalta da zafinsa, sannan a barbaɗa masa garin gilashi kafin ya huce. Garin gilashin ne ke mayar wa fitilar mota haskenta. Shi dai Kawu bai taɓa ce masa gilashi ba, taurari yake cewa.

Da ya ajiye aiki ya dawo ƙauyenmu ta wajen Zurgu, wasu suna komawa gida da keken ɗinki ko saniya, shi buhun garin nan ɗaya da gwangwanin taurari ya roƙa aka ba shi. Burinsa guda ne: ranar da kwalta ta iso ƙauyen, shi zai ja layin farko da hannunsa, daga ƙofar masallaci zuwa gindin tsamiya. Hanyar kuwa jar ƙasa ce, da damina jaki ma sai an lallashe shi.

Buhun nan ya ga gata! A kan katako yake, an lulluɓe shi da bargon da matarsa Inna Ladi ke nema duk sanyi. Da ɗansa Auwalu ya yi aure, amaryarsa Hadiza ta shiga neman garin tuwo, ta ɗebo kwano guda, ruwa yana tafasa. A rayuwata ban taɓa ganin Kawu ya yi gudu ba sai ranar.

"Tsaya! Tsaya, 'yar nan! Daga ina kika ɗebo?"

"Baba, na ga ya fi na cikin roba fari ne."

Inna Ladi ta yi dariya har da riƙe ciki. "Da ka bar ta ta tuƙa mun ci, Malam. Ko ba komai ma riƙa haske in duhu ya yi."

Kawu ya karɓe kwanon, ya dube ta da gaske. "Ba za ku yi haske ba. Ai ba ta sa taurarin ba."

Da yamma kuma sai ya zauna a dakali ya zuba wa hanyar ido. Wallahi ganin titin yake yi, baƙi wuluk, da farin layinsa a tsakiya. In ka zauna kusa da shi sai ya nuna maka inda layin zai yanke, inda zai ɗore, inda yara za su riƙa tsallakawa in an tashi daga makarantar allo. Yana magana a hankali, rana na faɗuwa ta bayan tsamiya, kafin ka ankara kai ma ka fara gani. Ni dai na sha gani, har ina jin ƙamshin kwaltar. Wata rana Bello, Bafulatanin da ke kiwo ta bayan gari, ya koro shanunsa, Kawu ya miƙe.

"Kai Bello! Nan layi bai yanke ba, ba a tsallakawa!"

Bello ya dubi jar ƙasa, ya dubi Kawu. "To Baffa, ina ya yanke?"

"Can gaba da rijiya."

Kun san Bello da kunya. Haka ya kora shanun har gaba da rijiya, kuma daga ranar can suke bi.

An taɓa zuwa ana awon hanyar, aka kakkafa turaku. Kawu ya sa aka wanke tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan lemo, ya yi mako yana yawo da ita. Masu awo ba su dawo ba, turakun kuma a murhun mata suka ƙare. Na ji haushi ƙwarai, shi kuwa ninke rigar kawai ya yi.

Da aka yi wa harabar masallaci siminti, Malam Liman ya zo da kansa ya roƙi a ja musu layin sahu, don tsofaffi ba sa ganin ƙafar juna da asuba.

"Allah gafarta Malam, kunun nan na kwalta ne."

"Malam Sale, lada fa za ka samu."

"Ina so. Amma in kwalta ta zo ta tarar na shanye mata kunu, da wane ido zan dube ta?"

Liman ya tafi yana girgiza kai, mu kuma muka samu abin tsokana na shekara.

Sai idon Kawu ya fara tafiya. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, bai gaya wa kowa ba. Wata yamma ina kusa da shi a dakalin, ya ce, "Binta, yaushe aka sare tsamiyar nan?" Tsamiya tana nan tsaye da ganyenta. Na ce masa tana nan, zuciyata ta karye. Shi ma ya gane, sai ya ce a kira masa Auwalu ya nemo rabin ganga da itace.

Washegari gari ya taru a harabar masallaci. Garin ya dunƙule don daɗewa, sai da aka farfasa shi da dutse, Inna Ladi ta ce turminta ba da shi ba. Wari ya kori kajin unguwa. Kawu yana juyawa da sanda, da hanci da nauyin hannu yake gane ko ya nuna, yana ta faɗa a ƙara wuta. Liman ya ja igiya ya daidaita alƙibla. Auwalu ya riƙe hannun ubansa suka bi igiyar a tsugune, Kawu na zubawa, yana barbaɗa taurarinsa kamar mai yafa riɗi. Mu mata muna leƙe ta katanga.

Bayan magariba wani ya haska fitilar babur. Jama'a, layukan nan suka tashi fari tas, suna ƙyalli, har tsofaffi suka yi salati.

"Ya kama?" in ji Kawu.

"Ya kama, Baba," in ji Auwalu.

Ya matso da fuskarsa kusa, ya daɗe. "Ina ganin wani abu fari-fari," ya ce. "Ya isa."

Kwalta har yau ba ta zo ba. Kawu ya rasu da daminar da ta biyo, a harabar nan aka sallace shi. Auwalu ya ce mini ranar Liman ya juyo zai ce a gyara sahu, ya tarar babu abin gyarawa.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a inda ya fi nan. Amin.