Jiniyar da Ragragi Ya Tafi da Ita

Dukkanmu na Allah ne, kuma kowa zai koma gare Shi a ranar da Ya yanke masa. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran abokina Si Ragragi, makaɗin jita kuma mawaƙin ƙungiyarmu ta Assada, a asibiti nan garin Asfi, bayan ciwon huhu da ya kwantar da shi tun shigowar sanyi. 'Yarsa Batul ce ta kira ni. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne "Baffa Tuhami," ni ma ban tambaye ta komai ba. Washegari bayan azahar muka kai shi makwancinsa, iskar teku tana ta kaɗa mana riguna.

Ragragi, na san da kana nan za ka ce in ajiye biro in ɗauki jita, don a wurinka dogon bayani aikin wanda bai iya kiɗa ba ne. To ga dalilin da ya sa na ɗauki biron. Jitar tana nan, amma ban san yadda zan saita ta ba. Ka tafi da sautin da muke saita tsirkiyoyinmu a kansa tun muna samari, kuma ka tafi ana saura watanni kaɗan mu shiga ɗaukar waƙoƙin da muka yi wa juna alkawari za mu ɗauka da bazara, ko mutum ɗaya ba zai saurara ba.

Mu uku ne Assada: kai da jita da murya, ni da jita mai kauri da ke riƙe ƙasan kiɗa, Ayyashi da ganguna. Ma'anar Assada a harshenmu tsatsa ce, kuma kai ka zaɓi sunan, ka ce duk abin da ya zauna kusa da teku a garin nan ƙarshensa ke nan. Kiɗan rok mai nauyi muke yi, irin na zamanin da muna yara, da tsofaffin amfilifayoyi, na'urorin ƙara sauti, masu ƙwayayen lantarki a ciki waɗanda sai an kunna su an bar su sun ɗumama kafin su yarda su yi magana. A lokacin da muka fara, duniya ta riga ta wuce wannan. Samari sun koma kiɗan na'ura, masu biki suna son abin da mata za su taka. Muna da ƙuruciyarmu da gashinmu har kafaɗa aka fara kiranmu tsofaffi. Mutumin da ya taɓa ɗaukar mu biki sau ɗaya, bisa kuskure, ya zo tsakiyar waƙa ta biyu ya roƙe mu da girman Allah mu tsaya mu ci kuskus, ya ce kakar amarya ta ɗauka jirgin ƙasan ma'adinai ne ya shigo tsakar gida.

Ka tashi a unguwar masunta, mahaifiyarka tana aiki a ɗaya daga cikin masana'antun kifin gwangwani da ke jere a bakin teku. Duk wanda ya girma a Asfi a wancan zamani ya san jiniya. Idan jiragen ruwa suka shigo da kifin sadin, kowace masana'anta takan busa tata don kiran matanta, kuma kowace jiniya da muryarta. Mace tana cikin kwaɓa fulawa za ta ɗaga kai ta saurara, ta ce ba tamu ba ce, ta ci gaba. Ta masana'antar mahaifiyarka takan taso daga ƙasa, ta hau, ta hau, sai ta tsaya a wuri ɗaya ta daɗe kafin ta sauko. Ka samu jitarka ta farko daga hannun wani matuƙin jirgi, babu malami, babu piyano a duk unguwar da za ka gwada sauti da shi. Sai ka riƙa jira jiniyar ta kai wurin da take tsayawa, ka murɗa babbar tsirkiya har ta daidaita da ita, sauran su bi. Da na zo na same ka, na saita tawa a kan taka. Ayyashi ma fatar babbar gangarsa a kanmu yake ja ta. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa sauran duniya tana da nata ma'auni.

A Kazablanka muka gane. Wani mai ɗakin ɗaukar waƙa ya ji labarinmu, ya kira mu, kuma mutumin kirki ne, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ya so ya ɗora piyano a bayan waƙarmu. Ya danna wannan maɓalli bai hau ba, ya danna na kusa da shi bai hau ba. Ya cire abin kunnensa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"'Yan'uwa, na taɓa ganin mutum ɗaya ya kauce. Amma mutum uku su kauce tare, daidai wa daida, wannan sai ku. Da me kuke saiti?"

Ka amsa masa da gaskiyarka, ko murmushi babu: "Da jiniyar masana'antar Inna."

Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ba mu 'yar na'urar saiti, muka gyara kamar kowa. Gaskiya tana wurinsa, mu ne a tsakanin sauti biyu, ba mu nan ba mu can. Amma da muka kaɗa waƙar a sabon saitin, sai muka ji kamar mun ari rigar wani. Muryarka ba ta zauna ba, hannuna ya yi ta neman wurin da ya saba bai samu ba. Ka kai ƙarshen waƙar don ladabi, ka naɗe wayarka, ka gode masa. A motar komawa Ayyashi bai yi maka magana ba har muka wuce garin Jadida, don shi ya riga ya gaya wa duk unguwarsu za a ji shi a rediyo. Wannan ita ce babbar ƙofar da ta taɓa buɗe mana, kuma da ƙafafunmu muka fito. Na ji haushinka a ranar, ba zan ɓoye ba, amma ko a ranar na san ni ma ba zan iya kaɗa waƙar a haka ba.

Kaset ɗaya muka bari a duniya, wanda muka ɗauka a garejin gidanku da rikodar da ke gudu yadda ta ga dama. Lokaci-lokaci wani yakan tare ni a kasuwa, mutum mai furfura da jikoki, ya rage murya ya ce yana da shi har yanzu. Irin masoyanmu ke nan: ba su cika bas ɗaya ba, amma babu wanda ya taɓa barin mu a cikinsu.

Mutanen gari sun fi saninka da gyaran rediyo da amfilifaya, kuma wannan ne ya ciyar da iyalinka. Masu kiɗan biki da suke yi mana dariya, idan kayansu suka mutu ana gobe ɗaurin aure, ƙofarka suke bugawa, kai kuma ka bar abincinka ka gyara, ka raka su da tsiya har bakin titi. Lasifikar masallacin unguwa kai kake kula da ita tun ban san lokacin ba. Liman ya faɗa a wurin gaisuwa cewa bai taɓa jin daɗin kiɗanka ba, amma bai taɓa jin sautin jitarka ya haɗu da kiran salla ba ko sau ɗaya, don kafin ladan ya gyara murya ka riga ka kashe. Shekarar da Ayyashi ya rasa aikinsa a tashar jirgin ruwa ya shiga ɗaki ya ƙi fita, kai ne ka riƙa zuwa kullum da safe kana cewa kana da kaya mai nauyi da ba za ka iya ɗauka kai kaɗai ba. Ya yi wata yana ɗaukar maka amfilifaya ɗaya daga wannan kusurwar shago zuwa waccan kafin ya gane, kuma kafin nan ya dawo mutum.

Da aka rufe masana'antar, aka sauke jiniyar aka sayar da ita a matsayin tsohon ƙarfe, na ɗauka shi ke nan. Ranar da muka haɗu a gareji na tambaye ka da me za mu yi saiti yanzu. Ka rufe ido, ka fara gunji ta hanci daga can ƙasa, ka hau da shi sannu a hankali, ka tsaya, ka riƙe. Gashin jikina ya tashi, don ita ce, babu ko tantama. Daga ranar kai ne jiniyarmu. Duk yammacin Lahadi, shekara da shekaru, bayan mun daina fita kiɗa gaban jama'a, haka muke farawa: shayi, amfilifaya tana ɗumi, kai ido a rufe kana gunji, mu muna murɗawa.

Batul ta sha cewa ka bari ta auna sautin da wayarta, a san lambarsa a ajiye. Kai kuwa dokarka ce ba a ɗaga waya a garejin nan. Ka ce mata abin da ya tashe ka daga barci duk ƙuruciyarka ba zai ɓata maka ba, kuma ba ka da niyyar zuwa ko'ina. Muka yi dariya har da ita.

Bayan kwanakin zaman makoki, da baƙi suka ragu, ni da Ayyashi muka sauka garejin tare da Batul. Ba kiɗa muka je yi ba, sautin muka je nema. Jitarka tana rataye inda ka bar ta kafin a kwantar da kai, amma raɓar teku ta yi aikinta, tsirkiyoyin sun saki, kowace ta kama gabanta, jitata ma haka. Muka gwada kaset. Nawa ya ba da sauti ɗaya, na Ayyashi ya ba da wani, don zaren ya miƙe da tsufa. Na rufe ido na gwada gunjin da kaina. Ayyashi ya ce in daina don Allah, wannan kukan jirgin ruwa mai mura ne. Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya fita waje ya daɗe.

Ashe ana jin mu daga sama. Maiɗakinka Lalla Zuhur ta aiko a kira mu. Muka same ta a falo cikin fararen kayan takaba, da ƙawayenta biyu da suka zo gaisuwa, waɗanda suka yi aikin yanke kan sadin tare da ita a masana'antar mahaifiyarka tun suna 'yan mata. Ta ce ta ji abin da muke nema. Ta ce wannan jiniyar ta raba ta da barci da abinci mai zafi tsawon shekaru, ta tsane ta, amma ba ta manta ta ba. Ta sunkuyar da kai, ta fara gunji a hankali, ta hau, ta tsaya.

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta girgiza kai. "Zuhur, kin yi sama. Wannan ta masana'antar kusa da mu ce." Ta yi nata, ƙasa kaɗan.

Ta ukun ta ce su duka biyu tsufa ya taɓa musu kunne, ta yi nata ita ma. Suka yi ta gardama a kai, mata uku masu furfura a gidan makoki, kowace tana rantsuwa tata ce ta gaskiya, har Batul ta rufe baki tana dariya da kuka lokaci ɗaya. Na zauna ina saurare da dukkan kunnena, Ragragi. Kowanne a cikin ukun ya yi kama da naka. Babu wanda ya tayar mini da gashin jiki.

Na ɗauki na Lalla Zuhur, don ita ce ta fi kowa daɗewa tana jin ka. Na koma gareji na murɗa babbar tsirkiyata a kansa, na kaɗa ta sau ɗaya, na bar ta tana rawa har ta yi shiru. Ayyashi yana tsaye a bakin ƙofa.

"Shi ne, Tuhami?"

"Ban sani ba."

Da bazara za mu ɗauki waƙoƙin kamar yadda muka yi alkawari, in Allah Ya kai mu. Batul za ta riƙe jitarka, don ta iya ta fiye da yadda ka yarda. Za mu ɗauke su a wannan sauti, mai yiwuwa daidai ne, mai yiwuwa mun kauce da kaɗan, kuma duk wanda zai saurara ba zai taɓa sanin bambancin ba. Mutum ɗaya ne zai ɗaga kai daga daƙiƙar farko ya ce mana mun yi sama ko mun yi ƙasa, kuma da hannuwanmu muka zuba masa ƙasa ranar Laraba. Ina kewarka, abokina. Zan ba da duk sauran kiɗan da ya rage a hannuna don in ji ka ce mini na kauce.

Ya Allah, ga bawanka Ragragi ya zo gare Ka, ba shi da komai sai rahamarka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka saka masa da alherin da ya yi wa mutanen unguwar nan ba tare da ya jira godiya ba, Ka sada shi da mahaifiyarsa a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lalla Zuhur da Batul da sauran dangi, da ɗan'uwana Ayyashi, da 'yan tsirarun da har yanzu suke ajiye da kasetmu a cikin akwati. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, mu kuma da muka saura Ya sa mu cika da imani. Amin.