Haske Ba Ya Liƙa Ƙarfe

Makon da mijinta ya rasu ne Inna ta gane hannunta ba ya kaiwa makunnin fitilar ɗakinta. Marigayin dogo ne, daidai tsayinsa aka kafa makunnin, kuma tun aurensu shi ke kunnawa, shi ke kashewa. Sai ta koma dungurar abin da sanda. Mai gyaran lantarkin layinsu, wanda kowa ke kira Mai Tsani don ba a ganinsa sai da tsani a kafaɗa, ya shigo gaisuwa ya ga sandar jingine a gindin bango. Washegari ya dawo da jakarsa, ya sauko da makunnin daidai kafaɗarta, ya share ƙurar simintin da ta zuba.

Da zai fita ya ce, "To Inna, saura Allah ya kawo wuta."

"Subhanallahi! Ɗan nan, wa ka taɓa ji ya roƙi Allah wuta? Haske ake cewa."

"Tuba nake, Inna. Allah ya kawo haske."

Ashe maganar ta zauna masa a baki. Daga ranar ko a majalisar masu shayi ba a sake jin ya ce wuta ba, sai haske. Abokansa suka yi ta tsokanarsa wai ya zama ustazun waya, shi kuwa sai dai ya gyara abin gwajin lantarkinsa a bayan kunne ya yi murmushi.

Mutum ne marar hayaniya. Ɗan tela ne, a wannan layin aka haife shi, ya san kowane gida ta wayoyinsa: inda ɓera ya ci, inda ruwa ke bi, inda mai gida ya yi haɗin ganganci. In za a kai kuka ofishin kamfanin lantarki shi ake sa wa gaba, don shi ke gane abin da ake faɗa. A haka, ana wasa ana dariya, aka tsayar da shi takara, ya kuma ci. Ya tafi majalisar ƙasa, can ana ce masa Onarabul, nan kuwa Mai Tsani bai bar bakin kowa ba.

Bai daɗe da tafiya ba taransifomar unguwa ta ƙone. Aka gyara, ta sake ƙonewa, daga nan aka yi shiru. Layin masu sana'a ya mutu murus. Mai niƙa ya rufe, mai aski ya koma almakashi.

Wanda abin ya fi ci shi ne Auta, ɗan Inna guda da ya rage a gabanta. Walda yake yi a shagon da ubansa ya bari. Ya gwada janareto, mai ya cinye ribar. Kullum da safe zai buɗe shago, ya goge injin, ya zauna yana kallon titi har azahar. Inna tana lura da shi: ya daina yi wa 'yarsa wasan doki a gwiwa, abinci ma sai matarsa ta yi magana sau biyu.

Shi kuwa Mai Tsani an sa shi a kwamitin makamashi, ya kafe a kan wani ƙuduri: a ba unguwanni dama su haɗa kai su kafa tashar sola babba, su raba wa junansu lantarki, ba sai sun jira kamfani ba. Inna tana jin sa a rediyo in tana tsince shinkafa. "Haske ga kowace unguwa," haka yake ta faɗa. Aka daɗe ana ja, har aka sa hannu, aka kuma ce unguwarsu na cikin na farko. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

Da yamma Auta ya shigo ya durƙusa a bakin tabarmarta.

"Inna, na sami mai sayen injin. Jibi zai zo da mota. Wani abokina ya samo mini aikin ƙarfe a ƙasar waje."

Carbin da take ja ya tsaya a hannunta. "Auta, ba ka ji an sa hannu ba? Haske na zuwa."

"Na ji. Haske dai. Ƙwan fitila ne da cajin waya, Inna. Haske ba ya liƙa ƙarfe. Ni wuta nake nema, mutumin naki kuwa ko sau ɗaya bai ambace ta ba. Duk layinmu haka muka fahimta."

Ita ma ba ta san iyakar abin ba. Ta san dai in injin ya hau mota, Auta ma ya tafi, kuma ba ta da tabbacin zai dawo ya same ta.

Washegari ta yafa mayafi ta nufi ɗan ofishin da Mai Tsani ke zama in ya zo hutu, wani tsohon shagon magani da aka yi wa fenti. Yana hango ta ya miƙe.

"Inna da kanki? Ai da kin aiko."

"Tambaya ɗaya na zo yi, ka gaya mini tsakani da Allah. Wannan hasken naka, zai ɗauki injin Auta?"

"Injin Auta? Har da na mai niƙa! Ai saboda layinsu na hana a ƙanƙanta tashar. Kusan a kan haka aka so jefar da ƙudurin."

"To su cewa suke yi fitila ce. Wai ba ka taɓa cewa..." Ta kasa furta kalmar.

Ya dube ta, ya dafe kai da hannu biyu, sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. "Inna, wa ya hana ni faɗa?"

Ita ma ta ja mayafi ta rufe baki.

Ko mota bai shiga ba, a ƙafa suka tafi, yana rage sauri saboda ita. A ƙofar shagon suka tarar da Auta yana naɗe wayoyin injin.

Mai Tsani ya ce, "Kai, ɗan gidan dogo, mayar da kayan nan!"

"Ranka ya daɗe, ai mu ba ƙwan fitila muke ci ba."

Mai Tsani ya juyo wajen Inna ya ce, "A gafarce ni, toshe kunnenki." Sannan ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Wuta ce! Wuta nake kawo muku, mai ƙarfi, wadda za ta narka ƙarfe!"

Mai aski ya leƙo ya ce, "Amin!" Mai niƙa ya ce, "Allah ya sa da mu a ciki!" Inna tana gefe tana ta istigfari a madadinsu, tana dariya.

Auta bai yarda nan take ba, sai da aka zana masa girman tashar a ƙasa da tsinke, ya yi tambayoyinsa na masu sana'a. Da ya gamsu ya kira mai sayen ya ba shi haƙuri. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda aka ce, an sha ƙorafi, amma ƙarafan da aka ɗora farantan solar a kansu Auta ne ya haɗa su. Ranar da Inna ta fara jin ƙarar injinsa daga tsakar gida, sai ta zauna a kan turmi ta daɗe ba ta tashi ba.

Auta ya rantse sai ya yi wa ofishin Mai Tsani ƙofar ƙarfe mai ado, kyauta. Labari ya kai wa Mai Tsani, ya biyo ta gidan Inna ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Inna, alfarma na zo nema, ke yake jin maganarki. Ki ce masa ya bar ƙofar nan, mutane za su ga kamar na rufe musu ne. In dai sai ya yi, ya yi mini benci dogo mai majingina, kada ya cika tsayi, yadda tsofaffi za su zauna ƙafarsu na taɓa ƙasa."