Garmahon Ba'amurke a Zauren Kaka

Har yau in aka jefa ƙosai cikin mai ya yi cuuu, sai in tuna ƙarar allurar garmaho a kan faifai kafin kiɗa ya tashi.

Gidanmu a ƙasar Kurfi gidan gangar noma ne. Da damina, in an kira gayya, Kaka ne ke gaban manoma yana zuga su, ƙasa na ƙamshin ruwa, Yayana na biye da ƙaramar ganga. Kowa ya san shi zai gada.

Bayan samun mulkin kai aka kawo wani malami Ba'amurke, baƙar fata, makarantarmu ta Dutsin-Ma. Yana da garmaho da fayafayan kiɗan da yake kira jaz. Yaya ya kawo mini gari makaranta ran kasuwa, ya ji kiɗan, ya kasa tashi. Kafin a yanke gero ya ce Kaduna za shi, ya koyi busa kakakin Turawa. Kaka ya rantse in ya tafi, kada ya sake taka masa zaure.

Rannan sai Kaka ya ce mini, "Kai, ɗan boko, kirawo mini malamin naku da akwatin shaiɗanunsa."

Malam ya zo a keke, ni ke tafinta. Aka wana garmaho. Kakaki ya yi kira, sauran kayan busa suka amsa. Na ga babban yatsan ƙafar Kaka yana motsi a kan buzu.

"Wannan ai amshi ne," in ji shi. "Tambaye shi, manoma ne?"

Malam ya ce jikokin manoman auduga ne. Zamanin ƙuruciyar mahaifinsa, matasa suka yi ta barin gonaki suna cika birane, 'yan mata suka rage gashi da tsawon riga, ana rawa, dattawa na cewa duniya ta lalace. Mahaifinsa ma ya tafi da kakaki a hannu.

Kaka ya ce, "Shi nasa uban ya sa masa albarka?"

"Bai sa ba."

"Ya komo gida?"

"Sau ɗaya. Ran da aka binne uban."

Faifan ya ƙare, allura na ta kewaye. Sannan Kaka ya dubi Yaya da ke raɓe a bakin ƙofa.

"Kai, mai kunnen ƙashi. Je ka busa abinka, Allah ya yi maka albarka. Amma ruwa na sauka in gan ka. Ba ni son a kawo ka kallon kabari."

Haka kuwa aka yi. Duk damina sai ga Yaya da wando tsuke da gashi a tsage, yara na bin sa da dariya. Ya tuɓe takalmi ya rataya ganga, Kaka na gefe yana cewa hannunsa ya lalace. Da Kaka ya kwanta ciwon ajali, kansa na kan cinyar Yaya.

Yanzu gayyar ma ta mutu, gangar na rataye a zaure, fatarta ta tsage. Jikata kan toshe kunne da waya tana jin abin da ban gane kansa ba. In faɗa ya zo mini baki, sai in tuna yatsan Kaka, in ce ta ciro na kunne ɗaya ta sa mini.